Motar Daji a Ƙasar Magarya da Dungas

Wanda ya bar Damagaram ya nufi kudu, kwalta zai bi. Ya wuce Dogo, ya wuce Bande, bayan wajen kilomita 90 sai ga Magarya. In ya zarce ya kai Tinkim, daga nan sai iyakar Najeriya. Wannan hanya kowace irin mota tana bin ta.

Amma yawancin mutanen ƙasar ba a bakin kwalta suke zaune ba. Suna cikin ƙauyuka da rugage, wajen Waca, da Kwaya, da Yekuwa, da Sasumburum. Waɗansu suna gabas, a ƙasar Dungas. Dā Dungas cikin gundumar Magarya take. A shekarar 2011 aka ba ta gundumar kanta, tare da Guci, da Malawa, da Dogo-Dogo. Mai zuwa ƙauyukan nan tilas ya sauka daga kwalta ya shiga rairayi.

Ƙasar tana da kyaun gani. Gonakin gero cike suke da gawo, wanda manoma suka riƙa bari ya tashi tun shekarun 1980. A cikin kwarin korama ruwa kusa yake, ga rake, ga rogo, ga goruba. Sai dai abin da ke daɗaɗa wa manomi shi ke wahal da mota. Da rani jigawa ta yi laushi, taya ta nutse. Da damana kwari ya cika, taɓo ya riƙe.

Motar da ke iya wannan ƙasa ita ce kat-kat. A ƙaramar mota, ƙafa biyu kaɗai inji ke juyawa. A kat-kat yana juya duka huɗun. In ƙafa biyu suka rasa abin kamawa, sauran biyun su ja. Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ita dattawa suka fara sani. Yanzu Toyota ta fi yawa, wato Land Cruiser da Hilux. Amma ko kat-kat ce, sai an shirya ta kafin ta shiga daji. Shirin kuwa daga taya yake farawa.

Akwai taya mai manyan haƙora, wadda aka yi domin taɓo. Samari suna son ta don tana ba mota kwarjini. A cikin laka tana da amfani ƙwarai. A rairayi kuwa haƙa take yi. Direba ya taka mai, ita kuma ta tona rami, har cikin motar ya zauna a ƙasa. Tsofaffin direbobi sun fi son taya mai matsakaicin zane da gefe mai kauri, saboda yawancin watannin shekara rairayi ake bi, ba laka ba.

Babbar dabara ba a sayen ta da kuɗi. Ita ce rage iska. A kan kwalta tayar kat-kat tana ɗauke da iska wajen kilo 2 da rabi zuwa 3. In an zo jigawa mai laushi, sai a tsaya a sauke ta zuwa wajen kilo 1 da rabi. Tayar ta kwanta, ta shimfiɗu kamar tafin raƙumi, motar ta bi ta sama ba ta nutse ba. Makiyayi ya san wannan tun daɗewa: inda kofaton jaki ke shigewa, raƙumi wucewa yake yi. Amma da an koma kwalta dole a mayar da iskar. Taya maras iska in ta yi gudu zafi take ɗauka, ta fashe, motar ta kife da mutane. Don haka famfo ba ya rabuwa da motar daji, haka ma jak, da shebur, da taya ta ajiya. Mai hankali biyu yake ɗauka.

Ƙaya ma tana nan. Ta aduwa doguwa ce, tana huda taya kamar basilla. Wanda ya fi ta ɓarna shi ne kututturen kalgo ko na sabara da aka sare a karkace, ciyawa ta rufe shi. Shi gefen taya yake yagawa, yagar gefe kuwa faci ba ya riƙe ta. Shi ya sa waɗansu masu mota har yanzu suna riƙe da taya mai roba a ciki. Yaron mota yana iya cire ta ya yi faci a gindin itace, ba sai an kai ta gari ba.

Bayan taya sai ƙarfen gefe. Bututun ƙarfe ne mai kauri, ana ɗaura shi ƙarƙashin ƙofofi, daga ƙafar gaba zuwa ta baya. A Amurka masu hawan duwatsu da mota suna sa shi, don motar ta goga da dutse ta zame jikinta bai lotse ba. A Magarya da Dungas dutse ba shi ne damuwa ba. Damuwar ita ce kututture, da gaɓar da ruwa ya zaizaye, da zurfin sawun da manyan motoci da amalanke suka bari. In kat-kat ta faɗa cikin sawun nan, gefenta ya bugi gaɓa, ƙasan ƙofa ya lotse, ƙofar ta ƙi buɗuwa. Da ƙarfen gefe, shi zai ɗauki bugun.

Masu walda na Damagaram da Magarya suna iya yin sa. Amma wurin ɗaurawa shi ne magana. A jikin shasi ake kafa shi, wato ƙashin bayan motar, da manyan kusoshi. In a jikin kwanon mota aka liƙa shi, ado ne kawai. Bugun farko zai tafi da shi, ya tafi da kwanon. Ƙarfen kirki yana ɗaukar nauyin mota, har a sa jak a ƙarƙashinsa in ta kafe. Aibinsa nauyi, nauyi kuwa mai yake sha. Aibi na biyu daga mutane yake. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, akan ga fasinja sun taka shi sun maƙale a gefen mota. Ba don haka aka yi shi ba, reshe ɗaya ya isa ya kaɗo mutum.

Manomin da ba shi da ko keke zai ce ina ruwansa da taya. Ruwansa yana nan. Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF take aikin jinyar yara a Magarya. Lokacin da yara suka fi kwanciya shi ne damana, sa'ad da zazzaɓin sauro ya haɗu da ƙarancin abinci. A damanar 2018 ƙungiyar ta ba da labari cewa, cikin wata guda, yara wajen 10 ke rasuwa kowace rana a can. Watannin nan su ne hanya ta fi lalacewa. Motar da za ta ɗauko yaro daga ɗakin shan magani na ƙauye zuwa asibiti, wannan rairayi da wannan taɓo take bi. In ta kafe awa biyu a kwari, yaron yana ciki, uwarsa tana riƙe da shi.

A lokacin ne kuma hanya ke ƙuntata. Mai gona ya ƙara kunya ɗaya, na ƙetare ma ya ƙara ɗaya, a kafa shingen ƙaya har bakin sawu. Burtalin shanu ma haka ake cin sa. Direba ya rasa wurin kauce wa rami, sai ya faɗa ciki ko ya taka shuka, rigima ta tashi. A ƙauyukan da maigari ke tara matasa kafin ruwan farko, akan tone kututturen da ke kan hanya, a janye ƙaya baya, a zuba kaba da rassa a wurin da mota ta saba kafewa. Aikin safiya ɗaya ne, da gatari da shebur.