Kwana Huɗu A Jidda

Wannan mako labarin tafiya na kawo muku. Kusan duk wadda ta taɓa zuwa Makka a cikinku ta bi ta Jidda, amma in kin tambaye ta abin da ta gani can, sai ta ce miki filin jirgi da kasuwa da wurin awon kaya. Ni ma da abin da zan faɗa ke nan, ba don wani jinkiri da ya same mu a 2023 ba, sa'ad da muka gama umra muka sauko za mu komo gida. Aka ce mana jirgi ba zai tashi ba sai bayan kwana huɗu. Kai, ran nan na ga ɓacin rai! Guzuri ya yi ƙasa, ga kewar yara, har wata tsohuwa daga wajen Roni ta zauna bisa akwatinta tana kuka.

To, ni kuwa ina da wani sallahu tun daga Achilafiya. Yayar mahaifina, watau Goggo, ta bar garinmu da mijinta kafin a sami mulkin kai a 1960, da niyyar hajji, ba ta komo ba. Ke da kika hau jirgi a Kano kika sauka Jidda kafin awa biyar ta cika, tsaya ki ji hanyarsu. Daga Kano sai Maiduguri, sai Fort Lamy wadda aka mai da sunanta N'Djamena a 1973, sa'an nan a ratsa ƙasar Chadi da Darfur, wani wuri a mota, wani wuri a ƙasa. In kuɗi ya ƙare sai a tsaya a gonakin audugar Jazira a Sudan a yi ƙodago shekara ɗaya ko biyu, kana a isa Sawakin a bakin Bahar Maliya, a shiga jirgin ruwa a ƙetare zuwa Jidda. A kan wannan hanya Goggo ta haifi 'yarta, kuma lambar wayar wannan 'ya ce mahaifina ya ba ni, tare da ƙullin kuka da daddawa, ya ce in Allah ya sa. Na yi ta ɗawainiya da ƙullin nan Makka da Madina ban sami zarafi ba, sai da jirgi ya ƙi tashi.

Jikanta ya zo da mota ya ɗauke ni. Unguwarsu tana kudancin gari, inda baƙaƙen fata suka fi yawa, 'yan ƙasarmu da na Nijar da Chadi da Sudan, waɗanda ake kira Takari. Lunguna ne matsattsu, ba su yi kama da manyan titunan da kike hange ta tagar mota ba. Da na yi sallama, sai ga dattijuwa ta fito, goshinta da hancinta sak na mahaifina. Ba ta ko bari na zauna ba ta ce, "Ke 'yar kawu, ina kuɗin sharata na shekara sittin?" Ashe Goggo ta koya mata har wasan taubasai. Muka yi dariya, daga nan kuma sai hawaye.

Hausar Yaya abin saurare ce. Hausar tsofaffinmu ce ta dā, irin wadda na rabu da ji tun rasuwar kakata, ga Larabci ya shiga tsakani kamar tsaki cikin tuwo. 'Ya'yanta suna ji suna mayarwa, jikoki kuwa sai ki yi musu Hausa su amsa da Larabci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk tsawon zaman nan ba su zama 'yan ƙasa ba, haihuwa a can ba ta ba mutum wannan. Da takardar zama suke zaune, ana sabunta ta da kuɗi, wanda tasa ta mutu kuwa kullum gabansa na faɗuwa, don ana iya kama shi a sa a jirgi a kai shi ƙasar da bai taɓa gani ba. Ina roƙonki ki riƙe wannan, ke da ake zuga ki da cewa in kin je umra ki maƙale ki nemi aikatau. Na ga masu maƙalewar da idona, ba ko ɗaya da na yi sha'awar halinta.

Kashegari da la'asar Yaya ta ce in zo ta nuna mini ƙofar da uwarta ta shigo ta cikinta. Kada ki fita da rana a garin nan. Zafinsu ba irin namu ba ne mai busar da leɓe, wani gumi ne mai danƙo saboda teku, ko wanki kika shanya sai ya yi ta nauyin bushewa. Muka tafi tsohon gari, wanda suke kira Balad. Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan, wajen shekara ta 647, aka mai da Jidda mashigar Makka ta ruwa, tsakaninsu kuwa kamar mil 45 ne. Dā tana da ganuwa kamar Kano, an gina ta don tsoron jiragen yaƙin Turawan Fotugal, aka rushe ta a 1947 da gari ya bunƙasa. Har yanzu akwai wurin da ake kira Bab Makka, watau Ƙofar Makka, inda ayarin raƙuma ke fita da alhazai.

Gidajen Balad, 'yar'uwa, sai wanda ya gani. Da dutsen murjani na bakin teku aka gina su, hawa uku, huɗu, har biyar, ana jera katako tsakanin duwatsun don ginin ya riƙe. Kowane gida an manna masa wasu tagogin katako masu ɓula-ɓula da suka turo waje bisa titi, sunansu roshan. Iska tana shiga, rana ba ta shiga, matar gida tana zaune a ciki tana ganin duk mai wucewa, shi kuwa ba ya ganinta. Na ce wa Yaya, da magina a ƙasarmu sun san wannan dabara, da matan kulle sun huta da leƙe ta kafar zana. Waɗansu gidajen an gyara su tas tun da hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2014, waɗansu kuwa sun karkace an tokare su, sai kyanwoyi ke kai da kawowa.

Akwai wani babba da ake kira Gidan Nasif, an gama shi a 1881, nan Sarki Abdul'aziz ya sauka sa'ad da ya karɓi Jidda a 1925. Matakalarsa faffaɗa ce mai sauƙin hawa, an ce har raƙumi kan hau da kaya. Amma ni abin da ya tsai da ni itacen da ke ƙofar gidan ne. An ce dā shi kaɗai ne itace a garin, har in za a kwatanta sai a ce gidan nan mai itace. Na ɗaga kai na duba, sai na ga darbejiya ce! Darbejiyar nan da awakinmu ke kwana ƙarƙashinta, wadda muke tsinka ganyenta mu dafa wa mai zazzaɓi. Yaya ta ce Goggo takan zo nan ta zauna, ta murza ganyen ta shinshina.

Daga nan muka gangara wajen makabartar da ake kira ta Uwarmu Hauwa'u. Mutanen garin suna cewa nan aka binne ta, har waɗansu na cewa daga nan sunan Jidda ya fito, don kaka mace da Larabci jadda ce. Zance ne na gado, malamai ba su tabbatar da shi ba, ginin da ke bisa kabarin ma an rushe shi a 1928. Mata ba sa shiga makabarta a can, kuma ba a rubuta suna bisa kabari. Saboda haka daga bayan katanga muka tsaya, na yi wa Goggo addu'ar da ƙaninta ya aiko ni da ita.

Teku kuwa sai dare na uku na gan shi sosai. Ni da ban san ruwan da ya fi dam ɗin Kazaure ba, na tsaya na rasa bakin magana. Can cikin ruwan akwai wani famfo da aka buɗe a 1985, mai sunan Sarki Fahad, yana feso ruwa sama fiye da ƙafa 1,000, an haska shi da fitilu. Iyali sun shimfiɗa darduma a bakin gaɓa suna shan shayi har tsakar dare. Ruwan da kike sha a garin ma na tekun nan ne, injuna ke cire masa gishiri. Muka ci shinkafa da kifi, sa'an nan jikan Yaya ya kawo wani nama a takarda ya ce abincin Hijaz ne, sunansa siriya. Na ɗanɗana na ce, yaro, wannan ai tsire ne, har ƙuli-ƙulin, kakanninka suka zo da shi.

Kasuwa ba zan ce kada ki shiga ba, na san ba za ki ji ba. Kasuwar Alawi tana nan cikin Balad, akwai turare da dabino da darduma da atamfa. Sai dai ki auna kayanki kafin ki isa filin jirgi, ki bar wurin ruwan Zamzam, fasfonki kuma ya kwana a jikinki. Abokan tafiyata da suka ƙare kwana huɗun a kantuna, na ga wadda ta buɗe akwati a tsakar fili tana zubar da barguna tana rantsuwa, don ba ta da abin biyan ƙarin nauyi.

Ran da za mu tashi Yaya ta kaɗa miyar kuka da daddawar da na kai, ta tara jikokinta ta ce su ci abincin garinsu. Ƙaramar ta yatsina fuska, babbar ta ƙara. Ta ba ni carbin Goggo in kai wa mahaifina, ta kuma sa na zana mata a takarda yadda gidanmu yake, inda rijiya take da inda rumbu yake, don uwarta ta sha ba ta labari amma ba ta iya haɗa hoton a ranta. Na tambaye ta ko za ta zo. Ta ce in ta fita ba ta da tabbacin a bar ta ta koma wurin 'ya'yanta.

Mahaifina ya karɓi carbin, yana ja da shi har yau. Gero ne Yaya ta ce tana marmari, na gonar gidanmu, ko tiya ɗaya, ta dama kunu. In akwai wadda za ta umra bana daga wajen Kazaure ko Babura ko Gwiwa, kuma akwatinta na da sauran wuri, don Allah ta bar sallahu wurin Edita.