Murhun Matafiyi a Ƙasar Kafanchan

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Tun da layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya iso nan wajen 1927, ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya haura Jos, sai wurin ya zama zangon matafiya, har Sarkin Jama'a ya maido da fadarsa nan a 1933. To, duk inda aka ce zango akwai jira, mai jira kuwa tilas ya ci ya sha. A zamanin da jirgi ke kan ganiyarsa, fasinja mai dabara ba ya rabuwa da 'yar butarsa da ƙullin gari, domin bai san inda dare zai riske shi ba.

Wannan dabara ba ta mutu ba, ta dai koma daji. Wanda ya hau tsaunin Kagoro, ko ya gangara Matsirga kusa da Madakiya inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, ko ya bi makiyaya ta wajen Kachia, zai tarar ba risho ba tukunyar gas, amma ba mai kwana da yunwa.

Uban dabarun duka shi ne murhun duwatsu uku. Tukunya ba ta rawa a kansu ko da ƙasa ba ta daidaita ba, kuma tsakaninsu ƙofa uku ce ta iska da kirare. Sai dai masu daji sukan ja kunnen baƙo kada ya ɗauko dutse daga cikin rafi, gama ruwan da ya sha yakan zama tururi, dutsen ya fashe a fuskar mai girki. In iskar hunturu ta matsa, sai a haƙa ɗan rami a hura wutar a ciki. Wanda ba shi da tukunya kuma, doya da gwaza da dankali ba su bukatarta, rushi ya ishe su. Gangar jikin gora ɗanya ma tana tafasa ruwa, muddin an cika ta an jingina ta a gefen garwashi, domin ruwan cikinta ne ke hana ta cin wuta.

Gwangwani shi ne tukunyar talaka. Na madara ya dafa shayi, babba kuwa a huda gindinsa ya zama kurfoti. Lokacin tsadar kananzir na shekarun 1990 mutane suka rungumi murhun garin katako. Akan danƙara garin a gwangwani, a bar rami a tsakiya, wuta ta yi ta ci a hankali ba tare da an ƙara ko tsinke ba.

Kada mai karatu ya raina irin wannan girki. A ƙasar Ham, kusa da Kwoi, ƙauyen Nok yake, wanda sunansa ya zaga duniya saboda tsofaffin kayan yumɓu. Binciken da masana na jami'ar Bristol ta Ingila da ta Frankfurt ta Jamus suka bayyana a 2021 ya gano alamar kakin zuma a cikin kusan kashi ɗaya bisa uku na tukwanen mutanen Nok da aka gwada, wasunsu sun kai shekara 3,500. Watau tun kafin a san jirgi, tukunya na kan wuta a wannan ƙasa.

Amma fa abin da ya fi abinci muhimmanci shi ne ruwa. Ƙoramun kudancin Kaduna garau suke, sanyinsu yakan yaudari mai ƙishi, alhali kuwa ido ba ya ganin ƙwayar cuta, kuma ba wanda ya san abin da aka wanke a sama. A 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,500 a Nijeriya. Maganin ba shi da tsada: a tace ruwan da tsabtataccen ƙyalle, a bar shi ya tafasa sosai har minti ɗaya yana ɓulɓula, sa'an nan a rufe shi ya huce. Ɗumi kawai bai wadatar ba. Haka kuma gwangwanin fenti da mazubin maganin feshi, wanda ba a rasa shi a gonakin citta, ko an wanke su sau goma ba a dafa kome a ciki.

Daga ƙarshe, wutar da ta ciyar da matafiyi amana ce a hannunsa. Da rani ciyawa ta bushe, garwashi guda ya isa ya cinye gonar wani da rumbunsa na acca. Saboda haka kafin a ɗauki kaya, a zuba wa murhu ruwa, a bi shi da ƙasa, a taɓa da hannu a ji ya yi sanyi. A bar duwatsun uku a inda suke, wani na tafe a baya.