Ranar da Muka Sauke Bulala

Mu da muka tashi a Sabon Ibadan ba mu manta wani shirin barkwanci na yara da aka taɓa nunawa a talabijin ba. Yara ne zalla, wannan ya fito ɗan sanda, wancan mai karɓar kuɗin haya. Bai daɗe ba aka daina shi. Da Yarbanci suke yi, mu kuwa washegari sai mu juya wasan da Hausa a ƙofar makaranta, mu sha dariya.

Makon jiya a Islamiyya muka tarar da yara suna kwaikwayon yadda muke ciniki a shago, har da 'yar gyaran muryarmu. Wallahi mun ɗaga bulala. Sai muka lura ashe da Hausa suke yi tiryan-tiryan, yaran da ko gaisuwa sai mun matsa musu. Muka sauke hannu.

Jama'a, a walimar sauka mai zuwa mu ba su minti 15 su yi wasansu. Sharaɗi ɗaya: ban da salla da karatun Alƙur'ani. Mu dai mun yafe namu.