Cizon Ɗan Goyo

Hausawa sun ce harshe da haƙori ma sukan saɓa, alhali kuwa baki ɗaya suke zaune. Ba abin mamaki ba ne ke nan idan aka sami saɓani tsakanin haƙorin jinjiri da nonon uwarsa. Sai dai wannan saɓanin, duk da ƙanƙantarsa, yakan kai inda ba a zata ba.

A wani gida na Cadawa, dab da babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Damagaram, akwai wata yarinya mai goyon fari. Ɗan nata yana wata bakwai sa'ad da haƙora biyu suka huda dasashinsa na ƙasa. Ƙarshen bazara ne, ana jiran ruwan shuka, hatsi ya ja baya cikin rumbu. Wata safiya tana ba shi nono, sai ya datsa. Ta ƙwalla ƙara, ta fizge, fata ta tsage. Yaron ya firgita, ya yini yana kau da kai daga ƙirjinta.

Ga ciwo, ga kuma kunyar ɗan fari. Wadda ba ta iya ambaton sunan ɗanta a gaban mutane, yaya za ta kai ƙararsa? Sai ta haɗiye abinta, ta riƙa cije leɓe duk sa'ad da ya nemi nono. Kafin mako ya zagayo ta soma rage masa, tana ɗura masa kunu. Da maƙwabta suka lura, kowa ta kawo tata shawarar. Wannan ta ce a ɗalle masa baki. Waccan ta ce a shafa maɗaci a kan nonon, a yaye shi kowa ya huta. Wata kuma ta ce a sayo maganin haƙori wajen masu talla. Ana cikin haka sai zawo ya kama yaron, jikinsa ya yi zafi. Bakin kowa ya zo ɗaya: “Ai haƙori ne.”

Wannan ƴar magana ta ci yara da yawa a ƙasar Hausa. Fitar haƙori takan kawo ƙaiƙayin dasashi, da dalalar miyau, da rigima, amma ba ita ke kawo zawo mai tsanani ko masassara ba. Abin da ke faruwa shi ne, wajen wata shida, daidai lokacin da haƙora ke somawa, kariyar da jinjiri ya samo daga cikin uwa tana raguwa, ga shi ya fara zama da rarrafe yana kai kowane abu baki. Cuta ta shiga ta wata ƙofa, a ɗora wa haƙori laifi. Maganin talla kuwa ba abin amincewa ba ne. Tsakanin 2008 da 2009, a Nijeriya, yara aƙalla 84 suka rasu bayan an ba su wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka samu da guba mai kashe ƙoda. Yaye na gaggawa shi ma hanyar tamowa ce, kuma jihar Maraɗi ta san tamowa: a 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, mafi yawansu a wannan jiha. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa nono zalla har wata shida, sannan nono da abinci har shekara biyu, wa'adin da Alƙur'ani ma ya ambata ga mai son cika shayarwa.

Uwar mijin ce ta ga tabon jini a ɗan kwalin da yarinyar ke tare ƙirji da shi. Ba ta tambaye ta kome ba, don ta san ba za ta sami amsa ba. Sai ta aika aka kira tsohuwar ungozomar da ta yanke wa yaron cibi. Tsohuwa ta zauna bisa tabarma ta ce, “Ɗiyata, ba shi in gani.”

Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, “Dubi haɓarsa. Muddin yana zuƙa yana haɗiya, harshensa na bisa haƙoran, in ya ciza kansa zai ciza. Sai ya ƙoshi, ko barci ya soma ɗibarsa, ko hankalinsa ya tafi wani wuri, sannan yake janye harshe. Lokacin za ki riga shi.” Ta nuna mata yadda za ta sa ƙaramin yatsa ta gefen bakinsa, tsakanin dasashi da dasashi, ta zare nono a hankali. In kuwa ya riga ya datsa, kada ta ja baya, ta matso da fuskarsa cikin ƙirjinta, zai buɗe baki da kansa don ya sha iska. Ta ce masa “a'a” ba tsawa, ta ajiye shi ɗan lokaci, sannan ta mayar. Kafin shayarwa ta wanke hannu ta murza masa dasashi, ko ta ba shi tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya tauna. Ta kuma fara da ɓangaren da ba shi da rauni.

“Iya, zawon fa?” in ji yarinyar, murya ƙasa-ƙasa.

“Wannan ba nawa ba ne. Ki goya shi ku tafi gidan likita yau, kuma kada ki hana shi nono ko a hanya.”

Aka ba yaron ruwan gishiri da sukari da ƙwayoyin zinki, aka gwada jininsa don a tabbatar ba cutar sauro ba ce. Cizo bai tsaya rana ɗaya ba. Ya sake sau biyu ko uku, amma yatsan uwar ya koyi rigansa, har ya bari. Rauni ya warke. Yaron ya ratsa damina da nono a bakinsa, bai san awon tamowa ba.

Abin da tsohuwar ta koyar bai kai rabin sa'a ba, bai kuma ci ko dala ba. Amma da yarinyar ta ci gaba da shiru, da uwar mijin ba ta da ido, da an yaye yaron a wata na bakwai, a tsakiyar lokacin da hatsi ya fi tsada. Malamai da ƙungiyoyin mata da ke koyar da yaƙi da jahilci a Cadawa da Gazawa da Gidan Runji suna da wurin shigar da wannan darasi, su gayyaci irin waɗannan tsofaffi su faɗe shi da bakinsu, a gaban ƴan mata waɗanda kunya ba za ta bar su su tambaya ba.