Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Ɗana, matso kusa ka saurare ni. Tun ranar da muka dawo daga bakin teku nake juya wata magana a raina, yau kuma na ga gara in amayar da ita. Ka tuna muna zaune a kan tabarma, ƙannenka sun dirar wa gasasshiyar masara da kwakwa, mahaifiyarka ta buɗe kular shinkafa da kaza. Aka miƙo maka faranti, ka ce, "Na ƙoshi." Bakinka ne ya faɗi haka, amma idonka yana bin hannun ƙanwarka daga faranti zuwa baki. Da iska ta kaɗa, kai kaɗai ka takure kana jin sanyi da tsakar rana. Da ka zo miƙewa kuma sai da ka dafa kafaɗar ɗan'uwanka. Ba wanda ya lura sai ni, domin na taɓa zama a inda ka zauna. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Ina saurayi na zo Legas, a farkon shekarun 1970, na sauka wurin kawuna mai tsire a Obalende. A lokacin damben zamani yana tashe. Yara sun haddace sunan Hogan Bassey, wanda ya ci kambun duniya a 1957, da Dick Tiger da ya ci nasa a 1962. A 1972 Isaac Ikhouria ya dawo daga gasar Olympics ta Munich da lambar tagulla, a shekarar da ta biyo baya kuma aka yi wasannin Afirka a babban filin wasa na Surulere. Ni da na tashi ina kallon damben gargajiya a dandali bayan kaka, sai jinina ya motsa, na shiga wani kulob. A damben zamani da sikeli ake raba abokan karawa. Nauyina kilo 63 ne, ajin da na ƙwallafa wa rai kuwa iyakarsa kilo 57. Mai horar da mu ya ce in bi a hankali, in jira gasar baɗi. Na ji da kunne, zuciyata ta ƙi. Na ɗibar wa kaina mako biyar in sauko zuwa kilo 57 don gasar bana.

Kuskurena na farko ke nan, kuma shi nake hango maka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Naman da jiki ya yi shekaru yana tarawa ba ya zubewa a 'yan kwanaki sai da ɓarna. Likitoci suna cewa wanda ke da dalilin rage ƙiba ya tsaya tsakanin rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Wanda ya zarce haka, da yawa daga abin da sikeli ya nuna masa ya tafi ruwa ne da tsoka, wato ainihin ƙarfinsa. Sikeli bai san bambancin kitse da ƙwanji ba, lamba kawai yake nunawa. Kada ka bari ƙarfen da ake takawa da ƙafa ya zama shi ke yanke maka hukuncin ranarka. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ga yadda na riƙa yi. Da an idar da sallar asuba sai in ɗaura leda a jiki, in ɗora riga biyu, in kama gudu daga Obalende har Bar Beach, wurin da yanzu aka cike da yashi ake gina Eko Atlantic. Can zan yi ta kai da komo a cikin rairayi har rana ta ɗaga, domin na ji an ce gudun rairayi ya fi narkar da jiki. Gaskiya ne kuwa, masana sun auna sun ga ƙarfin da yake ci ya haura na gudun kan dandamali sau ɗaya da rabi, saboda ƙafa tana nutsewa. Da yamma in koma kulob in daki buhu. Abincina shayi ba madara ba sukari, da lemo ɗaya, da ɗan yankan burodi. Da dare kuma ina tsaye gaban tukubar kawu, ina yanka nama, ina barbaɗa yaji da ƙuli, kitse yana ɗiga cikin garwashi, ni kuwa yawu kawai nake haɗiya. Kawu ya ce, "Yaron nan, ka ci mana." In ce masa na ci a waje. Yunwa ta koya mini ƙarya, abin da ban tashi da shi ba.

Ka sani, ɗana, ko kana kwance jikinka yana kashe guzuri. Zuciya tana bugawa, huhu yana aiki, ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ke ƙonawa a hutu. In ka ƙara gudu da ɗaga ƙarfe, buƙata ta ƙaru. In abinci bai shigo ba, jiki zai fara da ɗan sukarin da ya adana a hanta da tsoka, wanda ba ya daɗewa, sannan ya juya ga kitse, ya haɗa da tsokar da kake wahalar ginawa. Kamar mai gini ne da yake ciro bulo daga tushe yana ɗorawa a saman katanga. Kakanninmu ba su san kalori ba, amma sun san wannan. Ba a kiran gayya a bar mutane da yunwa. Kafin rana ta take, ƙwaryar fura ta iso gona. 'Yan kokawa da 'yan dambenmu da tuwo da fura da nama suka gina ƙirjinsu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wata Lahadi, a mako na huɗu, na makara har hantsi ina bakin teku. Jama'a sun cika, masu fararen riguna suna addu'o'insu a gefe, yara suna tsere da igiyar ruwa. Na gama zagaye na zauna. Sai iska ta juyo daga wajen masu abinci. Ɗana, ban taɓa sanin hanci yana jin abubuwa haka ba: soyayyen filanten, gasasshen kifi, gyaɗa mai zafi, kowanne na ji shi daban. Wata yarinya ta yar da guntun masara a cikin yashi, na ƙura masa ido, zuciyata tana raya mini in ɗauka. Ga teku shimfiɗe har inda ido ya tsaya, mutane sun biya kuɗin mota daga nesa don su gan shi, ni kuwa ban ga komai ba sai wannan guntun masara. Na miƙe don in guje wa kunya. Sai kunnena ya ɗauki ƙara, gabana ya yi duhu. Da na farfaɗo, yashi ne a bakina, wani dattijo Basakkwace mai ba da hayar doki yana yayyafa mini ruwa.

Ya zare ledar da ke jikina, ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Samari, yaushe rabonka da abinci?" Na ce, "Baba, horo nake yi." Bai ce komai ba. Ya sa aka sare mini kwakwa na sha ruwanta, ya ɓallo burodi daga aljihun sirdi, ya ƙara da gyaɗa. Ina ci hannuna yana rawa. Sai ya nuna dokinsa ya ce, "Ka ga wannan? Shi ke ciyar da iyalina. Ranar da ban ba shi dusa da harawa ba, ba na ɗora masa sirdi, don ina tsoron Allah ya tambaye ni. Kai wa ya ba ka izinin yi wa kanka abin da ba na yi wa dabba?" Shekara fiye da hamsin ke nan, ban sake ganinsa ba, amma tambayarsa ba ta bar kunnena ba. Yau na miƙa maka ita.

Yunwa 'yar aike ce. Jiki magayi, kuma ba ya aiko ta don ya kunyata ka. Na san abin da ake gaya muku a waya: wai mai ƙarfin zuciya shi ne wanda ya danne ta, wanda ya ci kuma rago ne. Wannan magana ta daɗe da ƙaryata kanta. A 1944 zuwa 1945, a jami'ar Minnesota da ke Amurka, wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji da samari 36 lafiyayyu waɗanda suka ba da kansu. Mako 24 ana ba su kusan rabin abincin da suka saba, suna kuma tafiyar mil 22 a ƙasa kowane mako. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Bugun zuciyarsu ya ragu, suna jin sanyi ko da zafi ake yi, suka zama masu saurin fushi da baƙin ciki. Hirarsu abinci, mafarkinsu abinci, wasu har tara littattafan girki suka riƙa yi suna kallo. Da aka sake su kuma, da yawa suka yi ta ci ba ƙoshi. Waɗannan zaɓaɓɓun mutane ne masu juriya. Don haka in ka ga tunanin abinci ya hana ka karatu, ya raba ka da nutsuwa a sallah, ka daina zargin zuciyarka. Jikinka ne yake kuka.

Da na ji maganar dattijon nan gaba ɗaya, da na tsira. Na ci na kwana biyu, na koma gidan jiya, domin saura mako ɗaya. Ranar awo sikeli ya nuna 57, na yi murna kamar an ba ni sarauta. Da aka buga ƙararrawa, tun zagaye na biyu hannuwana suka yi nauyi, yaron da na fi ƙwarewa ya yi ta dukana har alƙali ya tsayar da wasa. Bayan haka ciwon da na daɗe ina dannewa a ƙwaurina ya ƙi lafawa. Aka ɗauki hoto a asibiti, aka ce ƙashin ya tsage saboda yawan gudu da rashin abinci. Wata uku ina ɗingishi. A cikinsu na yi ci irin na wanda ya fito daga fari, nauyina ya dawo har ya wuce na da. Ban sake shiga fage ba. Har yau, in hunturu ya kama, ƙafar nan tana tuna mini. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

Abin da ya same ni yanzu yana da suna a wurin likitoci. A 2014 kwamitin Olympics na duniya ya fitar da bayani a kan cutar da ke kama 'yan wasa, maza da mata, in abin da suke ci bai kai abin da suke ƙonawa ba. Alamominta su ne kasala, yawan mura, rashin barci, raunin ƙashi, da raguwar sha'awa ga namiji. Ke ma 'yata da kike saurare daga bayan labule, maganar nan ta shafe ki. Na ga yadda kuke yi in biki ya matso: a daina tuwo, a dogara da shayin rage ƙiba, a yi ta tsalle da igiya don riga ta zauna. In al'adarki ta ɗauke ba dalili, kada ki ɗauka sauƙi kika samu. Jiki ne ya rufe wannan ƙofa don ya tsimi ƙarfi, kuma ƙashinki ne ke biyan bashin. Mafi yawan ƙarfin ƙashi kafin shekara talatin ake tara shi, abin da aka rasa a ƙuruciya da wuya ya dawo duka. Biki kwana nawa ne? Jikin nan da shi za ki ɗauki ciki, ki yi goyo, ki tsufa.

Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Sahabi Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya ɗauki azumi kullum da tsayuwar dare duka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, ya tuna masa cewa jikinsa da idonsa da iyalinsa kowanne yana da haƙƙi a kansa. Da Abdullahi ya tsufa, ƙarfi ya tafi, ya yi fatan da ya karɓi sauƙin da aka yi masa. An hana mu haɗa azumi kwana da kwana ba buɗa-baki, an kwaɗaitar da mu yin sahur. In har don ibada ba a yarda mutum ya gallaza wa jikinsa ba, ina ga don madubi, ko don hoton da za a ɗora a Instagram? Haka kuma an hana mu cika ciki har numfashi ya gagara. Hanyar tana tsakiya, kuma zama a tsakiya ya fi zarcewa wuya, shi ya sa a nan ake gane mai haƙuri.

Ban ce ka bar motsa jiki ba. Ina alfahari da kai da ka zaɓi gudun asuba a kan zaman majalisa da shaye-shaye. Abin da nake so shi ne ka yi shi da ciki. Ka karya da koko da ƙosai ko ƙwai kafin rana ta yi nisa. In ka gama horo ka ci wake, ko kifi, ko nama, da shinkafa ko tuwo, ka ƙara da ganye da 'ya'yan itace. Ka sha ruwa, musamman a bakin teku inda iska ke busar da gumi har mutum bai san yana tsiyaya ba. Ka ware kwana ɗaya ko biyu a mako ka huta, domin a lokacin hutu tsoka ke ginuwa. In jiri ya ɗebe ka, ka tsaya. In kuma ka ga abin ya fi ƙarfinka, kana tsoron faranti, kana ɓoye wa mahaifiyarka abin da ka ci, to wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma yana da magani. Ka faɗa mini, ni da kaina zan raka ka wurin likita, babu mai jin labari.

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Jikin nan amana ce aka ba ka, kuma za a tambaye ka yadda ka riƙe ta. Ni na biya kuɗin wannan darasi da ƙafata, ba na so ka sake biya da taka. Gobe in ka dawo daga gudu, ka biyo ta ɗakina mu karya kumallo tare. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya yi maka albarka.