Daga Rumbunan Koko Zuwa Matsayar Jirage a Hamburg

Jama'a, a Hamburg ta ƙasar Jamus mun yi wata 'yar tafiya da ƙafa wadda ta cancanci kunnen 'yan kasuwa. Mun tashi daga Speicherstadt, unguwar rumbunan jan bulo da aka soma ginawa a 1883 bisa turakun itace cikin ruwa. Nan aka daɗe ana ajiye koko da kofi da darduma. Muka bi gaɓar kogin Elbe, kafin rabin sa'a sai ga mu a Landungsbrücken, matsayar jiragen ruwa.

Ƙasar nan ba ta da gonar koko ko ɗaya, amma ta ci ribarsa, don ta iya ajiya da sarrafawa. To, dattawa, mu da muke kusa da gona, ina rumbunmu? Allah ya sa mu gane, amin.