Na Koyi Tuƙin Jirgin Ƙasa Ina Zaune A Ɗaki

Mu da muka girma a gindin dutsen Kwatarkwashi, jirgin ƙasa ba baƙonmu ba ne. Tun 1929 aka gama shimfiɗa dogon da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tiƙe a Ƙauran Namoda. Iyayenmu sun kai gyaɗa da auduga Gusau domin a loda a taragu. Yanzu kuwa yaranmu da yawa ba su taɓa ganin jirgi yana tafiya bisa wannan dogo ba. Abin da suka sani shi ne waya da kwamfuta, iyaye kuma suna ta damuwa da wasannin da ke ciki. Saboda haka nake so in ba ku labarin wani wasa da na koya da furfurata.

Ɗana na biyu, wanda ke karatu a Zariya, shi ya zo hutu da kwamfuta. A cikinta akwai wani wasa mai suna Zusi. Wani Bajamushe, Carsten Hölscher, shi ya ƙirƙiro shi, fitowa ta uku kuwa ta zo a 2016. Ba harbi a ciki, ba tsere. Za ka ga kanka zaune a kan jirgi, ga dogo ya miƙe gabanka, ga takardar lokacin isa kowace tasha, dukansu kamar yadda suke a Jamus. Har ma akwai irinsa da kamfanonin reluwe na can suke koyar da direbobi da shi. Yaron ya ce, "Baba, tayar da jirgi ba wuya. Tsayar da shi, nan ne aikin yake." Na ce to, a ja mini kujera.

Abu na fari da na koya shi ne nauyi. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, dogo ma ƙarfe ne, ba su kama juna kamar yadda tayar mota take kama kwalta. Jirgin fasinja mai gudun kilomita 160 a awa yana bukatar wajen kilomita guda kafin ya tsaya. Watau in direba ya jira sai ya hangi jar fitila da idonsa, ya riga ya makara. Domin wannan Jamusawa sukan kafa sigina biyu. Ta fari tana can wajen mita 1,000 kafin ta biyu, aikinta faɗakarwa ne kaɗai: tana cewa, ka shirya, akwai tsayawa gaba. Ta biyu ita ce mai hana wucewa.

Ba su kuwa bar maganar a hannun direba shi kaɗai ba. Tun 1934 suka fara sa maganaɗisu a gefen dogo, wanda jirgi yakan ji sa'ad da ya bi ta kansa. In ka wuce sigina ta fari tana faɗakarwa, kana da daƙiƙa 4 ka danna maɓalli, ka nuna ka gani. In jirgin mai sauri ne, cikin daƙiƙa 23 tilas ka sauko ƙasa da kilomita 85 a awa. Saura mita 250 ka kai sigina ta biyu, wani maganaɗisu zai sāke auna gudunka. In ka ƙetare ɗaya daga cikin waɗannan, jirgi ya taka wa kansa birki, ya tsaya cik a tsakiyar daji, kai kuwa sai kallo.

Akwai kuma wani abin takawa a ƙarƙashin ƙafar direba. Kafin daƙiƙa 30 su cika, sai ya ɗaga ƙafa ya sāke takawa. In bai yi ba, fitila ta kama. In bai kula ba, ƙara ta tashi. In har yanzu shiru, birki ya kama, gama jirgin ya ɗauka direba ya yi barci ko ya suma. A wasan maɓalli ne yake tsayawa maimakonsa. Mako na fari, idona yana kan sigina, yatsana yana kan maɓalli, kunnena yana jiran ƙara, har uwargida ta ce ko ranar aurenmu ba ta ga na natsu haka ba. Sai da na yi makonni uku kafin na kai jirgin fasinja tashoshinsa duka a kan lokaci. Ran nan yara suka tafa mini kamar na ci jarrabawa.

To, kada mai karatu ya ce ina yabon kowane wasa ne. Ku ji abin da ya faru a Jamus ɗin nan mai yawan na'urori. Ran 9 ga Fabrairu, 2016, kusa da garin Bad Aibling, jiragen fasinja biyu suka yi karo gaba da gaba a kan dogo ɗaya, mutum 12 suka rasu. Da aka bincika, sai aka tarar ma'aikacin da ke ba jirage hanya yana wasa a wayarsa a lokacin aiki. Ya ba da hanya inda bai kamata ba. Kotu ta ɗaure shi shekara uku da rabi, amma ɗauri bai komo da ko rai ɗaya ba. Ashe akwai wasan da ke koya wa mutum tattara hankali, akwai kuma wanda ke sace shi. Dukansu biyu suna iya zama cikin na'ura guda, a hannun yaro guda.

Yaya uba zai rarrabe su? Daga bakin ƙofa ba za ka iya ba, gama duk abin da za ka gani shi ne yaro ya sunkuyar da kai. Sai ka zauna kusa da shi, ka ce ya nuna maka, ka gwada da hannunka. Sa'an nan ka duba: da ya tashi, akwai abin da zai iya bayyana maka? In an kira shi aike, yana iya ajiyewa ba fushi? A gidanmu mun yanka doka: tuƙin jirgi sai ran Asabar da yamma, bayan an dawo gona an ɗebo ruwa, awa ɗaya, kuma a tsakar gida inda kowa yake gani. Ƙannensa mata ma suna da nasu juyi, ɗaya daga cikinsu kuwa ta fi mu duka iya tsayar da jirgi daidai bakin tasha.

Yaron nan yanzu yana maganar aikin reluwe. Ban hana shi ba, gama an buɗe sabon dogon Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Ikko zuwa Badun a 2021, a shekarar nan ta 2021 kuma aka ɗora harsashin na Kano zuwa Maraɗi. Jirage suna bukatar direbobi masu natsuwa. Amma na gaya masa wasa ba ya ba da takardar aiki, dokokin dogonmu kuma ba lalle su zama irin na Jamus ba. Sai ya gama karatu, ya nemi horo wurin masu aikin.

Iyaye, tarbiyya ma tana da sigina ta fari. Yaro jirgi ne mai nauyi, ba a tsayar da shi farat ɗaya a bakin rami. A faɗakar da shi tun da sauran nisa, da murya mai sanyi, a kuma tabbata ya amsa cewa ya ji. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.